RA'AYINMU: ICEN DA MUKE ƘONAWA, SHI WASU KE ƊORAWA A KUNNE



Duk wanda ya shiga motar haya daga Sakkwato ya nufi Jega, kafin ya wuce Boɗinga ya kai Shagari zai ga abubuwa biyu, in dai idonsa biyu. A wajen mota zai ga tulin itacen wuta da buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran mai saye. A cikin mota kuwa zai ga samari, galibinsu ɗalibai irinmu, kowa ya toshe kunnuwansa da 'yar waya ko kuwa ya kifa musu wani abu na roba, har wanda yake zaune kusa da shi yana jin tsiyayar kiɗan. Mai karatu zai ce ina ruwan biri da gada. Mu dai a ganinmu abin nan biyu magana ɗaya ce, kuma ita muka ɗauko a wannan fitowa.

Abin sauraron nan mai ƙoƙo biyu da ake kifawa a kunnuwa, watau hedifon, ya daɗe a duniya. Tun a shekarar 1910 wani Ba'amurke mai suna Nathaniel Baldwin ya ƙera irinsa, sojojin ruwan ƙasarsa suka saya. A 1958 kamfanin Koss ya fito da na sauraron kiɗa, sa'an nan a 1979 Sony ya fito da Walkman, ɗan rakodan nan da ake ratayawa, daga nan kowa ya shiga yawo da kiɗansa a kunne. Yau kuwa wayar hannu ta gaje su duka. Ɗalibi da hedifon yake bitar lacca, da shi yake sauraron karatu da tafsiri, da shi yake jin labaran duniya in ɗakin kwana ya cika da hayaniya. Saboda haka ya zama kayan aiki kamar biro da littafi, ya kuwa cancanci a tsaya a san mai kyau da marar kyau.

Abin da ya ja hankalinmu shi ne, da yawa daga cikin waɗanda suka fi daraja a kasuwannin duniya da ice ake yin ƙoƙonsu. A 1989 Sony ya ƙera wani mai suna MDR-R10 da icen wata bishiyar Japan da ake kira keyaki, bai yi fiye da kamar guda dubu biyu ba, aka sayar da kowane a kan dala 2,500 a Amurka. Kamfanin Grado na birnin New York ya yi suna da nasa na icen mahogani, wanda ɗan'uwan maɗacinmu ne. A 2015 wani ƙaramin kamfani mai suna Meze, daga garin Baia Mare na ƙasar Romaniya, garin da ba wanda ya san shi da kayan lantarki, ya fito da nasa na icen walnat, ya kuwa karɓu a duniya. Me waɗannan mutane suka gani a ice? Kafin mu amsa sai mu duba yadda abin yake aiki.

A cikin kowane ƙoƙo akwai ɗan lasifika. Kayansa uku ne: maganaɗisu, da siririn zaren tagulla da aka naɗe, da wani tantani mai faɗin kamar milimita 40 ko 50. In lantarki ya bi ta zaren sai ya motsa tantanin, tantanin ya kaɗa iska, iskar ta bugi dodon kunne. Duk wanda ya taɓa ganin kalangu ya riga ya san rabin wannan ilmi, domin can ma tantani ne ke rawa, icen da aka ɗaure shi a kai kuwa shi ke riƙe amon. To, tantanin lasifika yana tura sauti gaba zuwa kunne, yana kuma tura wani baya zuwa cikin ƙoƙo. Idan ƙoƙon na roba ne marar kauri, sai shi ma ya kama rawa, ya gauraya nasa ƙarar da na asali, murya ta fito kamar daga cikin garwa. Busasshen ice mai kyau yana da ƙarfi, ba shi da nauyi ƙwarai, kana yana shanye girgiza da wuri. Wannan ita ce fa'idarsa.

Amma fa wajibi ne mu faɗi gaskiya, kada wani ya tafi kasuwa ya zubar da kuɗin makarantarsa. Ice ba laya ba ne. Masu auna sauti da na'urori sun nuna cewa ingancin lasifikan, da siffar cikin ƙoƙon, da abin da aka cusa a ciki, da yadda matashin ya manne da kai, duk sun fi jinsin icen tasiri a kan abin da kunne zai ji. Lasifika marar kyau ko a icen aljanna aka sa shi ba zai yi daɗi ba. Bugu da ƙari akwai na jabu birjik, robar da aka yi wa fenti ta yi kama da ice, ko wadda aka manna wa ɓawon katako kamar takarda. Don haka mai saye ya auna da ma'auni uku, watau sauti, da daɗin sawa, da ƙarko.

Wajen sauti, kada mutum ya yarda da rugugin da mai kanti zai ƙure masa. Ya gwada da abin da kunnensa ya sani tun yana yaro. Ya sa muryar mai karatu ko mai labarai, ya ji ko yana rarrabe ƙasa da kasa, da ɓata da bata, ba tare da ya ƙara murya ba, domin harshenmu yana da baƙaƙen da lasifikan banza kan haɗiye. Sa'an nan ya sa kiɗan gida. Kalangu yana hawa yana sauka yadda makaɗi ya matsa tsarkiyarsa, har ya kwaikwayi karin maganar Hausa, saboda haka hedifon na kirki zai bar ka ka ji abin da kalangun yake faɗi. In ka sa Mamman Shata, ka ji ko muryarsa ta fita daban da ta 'yan amshi. In ka sa Musa Ɗanƙwairo ko Ibrahim Narambaɗa, ka ji ko kotsannin sun rarrabu, ko kuwa sun dunƙule sun zama gunji ɗaya. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana jin girgiza daga kamar 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa, kuma kusan kowane kwali yana ɗauke da waɗannan lambobi, mai kyau da marar kyau. Lambar da ke jikin kwali ba ta isa shaida ba.

Wajen daɗin sawa kuwa, sai a tuna cewa waɗanda suka tsara yawancin waɗannan kaya ba su taɓa kwana a Sakkwato cikin watan Afrilu ba, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. Matashin da ke zagaye da kunne aikinsa ɗaya da gammo. Duk yarinyar da ta taɓa ɗauko tulu daga rijiya ta san cewa gammo mai faɗi da laushi shi ke raba nauyi, ƙanƙane kuwa sai ya huda kai. Ya kamata matashin ya kewaye kunne duka, kada ya zauna a bisa guringuntsinsa. Ya kamata bakan da ke bisa kai ya riƙe ba tare da ya matse ba. Irin waɗannan kan yi nauyin giram 250 zuwa 400, kuma abin da bai dame ka ba a minti biyar ɗin farko zai iya sa maka ciwon wuya bayan sa'a biyu. Mai tabarau ya gwada da tabaransa, mai hula ya gwada da hularsa, 'yar'uwarmu ta gwada a bisa ɗankwali ko hijabi, tun da haka za a yi amfani da shi. Babbar matsala a ƙasarmu ita ce fatar roba da ake lulluɓe matashin da ita. Tana tara gumi, kuma in zafi da gishirin jiki suka haɗu a kanta sai ta soma ɓarewa tana barin baƙin gari a wuyan riga.

Na uku shi ne ƙarko. A nan tambaya ɗaya ce: in wani sashe ya lalace, ana iya canja shi? Wanda aka haɗa da ƙusoshi masu murɗi ana kwance shi a gyara, wanda aka manne da gam kuwa ranar da ya tsage ranar ce ajalinsa. Wayar da ake cirewa a mayar ta fi wadda aka dasa, domin galibi waya ce ke fara tsinkewa. Abin da ya ƙara wa na Meze daraja ke nan, an haɗa shi yadda kowane sashe zai fita a sa sabo. Ice kuma yana da nasa sharaɗin. Wanda bai bushe sosai ba kafin a sassaƙa shi, da hunturu ya shigo, danshin iska ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, sai ya dare. Wanda ya sayi na araha sau biyar a shekara ya biya kuɗin mai kyau guda, bai kuwa taɓa jin daɗinsa ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

To, 'yan'uwa, a sake karanta ma'aunan nan uku, a gaya mana wanne ne baƙo a ƙasar Boɗinga da Shagari. Masassaƙin da ke fafe turmi da akushi, ya gyara ƙota da allo, ya san icen da ke darewa da wanda ba ya darewa, ya san tsawon lokacin da za a ajiye gungume a inuwa kafin a sa masa gizago. Ya san ƙirya da taurinta, da maɗaci, da kawo, da marke. Mai sassaƙa ganga ya san kaurin da zai bari don amo ya fito, yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare, abin da injiniya ke yi da na'ura. In ana maganar ƙarko, a gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai wata ganga da aka sassaƙa a ƙasar Akan ta Gana ta yau da icen alilliba, jirgin bayi ya kai ta Amurka, aka same ta a Virginia wajen shekarar 1730. Icen yana nan kusan shekara ɗari uku. Alilliba kuwa bishiya ce da Bahaushe ya sani ya kuma raɗa wa suna.

Wajen fata ma ba mu da abin nema a waje. Fatar jar akuyar Sakkwato tana cikin mafi kyau a duniya don laushi da ƙarfi. Ita ce fataken Sahara suka riƙa kaiwa arewacin Afirka, daga can ta ƙetara Turai, Turawa suka riƙa rufe littattafai da ita suna kiranta fatar Maroko, alhali daga nan ta fito. Har yau ana fitar da fatun Nijeriya zuwa Italiya da Sifen, a gama jimarsu can, su koma takalma da jakunkuna da sunan wasu. Matashin kunne na fatar gaske, wanda ke shan gumi ba ya ɓarewa, aiki ne da baduku zai gama kafin azahar in an nuna masa samfuri.

Abin baƙin ciki shi ne yadda muke yi da wannan dukiya. Ƙoƙon hedifon guda biyu ba su cin icen da ya kai tsawon kamu ɗaya. Gungumen da za a iya fitar da da yawa daga cikinsa shi ne muke turawa ramin gawayi, ya ƙone a dafuwar kwana biyu. Ba ma ganin laifin uwar gidan da ba ta da wani makamashi, ko talakan da ke saran ice don ya ciyar da iyali. Laifin na waɗanda suka yi karatu ne, ba su kawo wata hanya ba. Duniya kuwa ta riga ta farga. Saboda yawan sare madobiya ana kai ta Sin, a farkon 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu, a 2018 kuma aka ba da shawarar dakatar da sayenta daga Nijeriya. A taron da aka yi a Panama a 2022 aka ƙara da maɗaci da kawo. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi goma sha ɗaya na bakin hamada da shirin shingen itatuwa na Afirka ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Idan manyan itatuwan suka ƙare, masassaƙi zai ajiye gizago, ɗansa ya tafi birni acaba, ilmin da aka gada kaka da kakanni ya bi tsohon kabari.

Akwai wata hasara da ta fi wannan kusa da mu, ita ce ta kunnuwanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar shi ne, babban mutum zai iya sauraron ƙara mai ƙarfin desibel 80 har sa'a 40 a mako ba tare da cuta ba, amma in ya kai 90 sai sa'a huɗu kacal. 'Yan ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda ke karɓar sauti, in sun mutu ba su sake tsirowa. Abin sauraron da ba ya tare hayaniyar waje shi ke tilasta wa mutum ya ƙure murya don ya rinjayi injin mota ko janareta. Mai ƙoƙo rufaffe da matashi mai mannewa yana rage hayaniyar, sai mutum ya wadatu da murya kaɗan. Duk wanda ya cire hedifon ya ji kunnensa yana ƙara kamar kukan gyare, to jikinsa ya yi masa kashedi.

Ba ƙaramin abu ba ne a ce 'ya'yan wannan ƙasa su kurumtar da kansu da hannunsu. A Sifawa ta ƙasar Boɗinga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa bayan jihadi har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Ilmin da ya bazu daga can ya bi ta takarda, ya kuma bi ta kunne, ta wa'azi da waƙoƙin Fulatanci da Hausa waɗanda mata da makiyaya suka haddace. Alhaji Shehu Shagari ma, tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979, malamin makaranta ne a Midil ta Sakkwato, kuma da ya so yara su san ƙasarsu sai ya tsara musu Waƙar Nijeriya don su ji su riƙe. Ba a banza aka ce kunne ya girmi kaka ba.

Mun san wani zai ce, ana fama da tsadar karatu da rashin tsaro da rashin aikin yi, ina hedifon yake a cikin lissafi? Amsarmu ita ce rashin aikin yi shi ne ainihin abin da muke magana a kai. Wani kuma zai ce ai ba mu iya ƙera lasifika ba. Haka ne, a yanzu ba mu iya ba, amma ƙananan kamfanoni da yawa a duniya su ma sayen lasifikan suke yi daga Asiya, nasu aikin shi ne tsarawa da ƙoƙo da matashi da haɗawa. Na uku zai ce wannan sana'a za ta ƙara jawo saran itace. Mu kuwa mun ga cewa bishiyar da take kawo kuɗi ita ake dasawa a yi mata shinge, shi ya sa ba wanda ke sare mangwaronsa don gawayi. Ba ma sai an taɓa maɗaci ba. Ga dogon yaro ya cika ko'ina, dangin maɗaci ne, yana girma da sauri, kuma icensa yana sassaƙuwa. A gwada shi a gani.

Saboda haka muna da kira guda huɗu. Na farko ga jami'a. Tun 1975 aka kafa jami'a a Sakkwato, tana da sashen fiziya, da na gandun daji, da masu nazarin Hausa. Me zai hana ɗaliban shekarar ƙarshe su ɗauki itatuwanmu ɗaya bayan ɗaya, su auna nauyinsu da ƙarfinsu da yadda suke shanye girgiza, su rubuta? Me zai hana masu nazarin Hausa su je ƙauyuka su ɗauki bayanin masassaƙa da masu haɗa ganga, da sunayen kayan aikinsu, tun suna da rai? Cibiyar nazarin fata da ke Zariya tana iya taimakawa wajen jimar da ba ta wari ba ta kuma cin fatar mutum.

Na biyu ga ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da hakimai da dagatai. A san inda sauran manyan itatuwa suke, a hana sare su barkatai, a kafa wuraren renon dashe, a kuma ba masu sana'ar hannu rumfa da rance kamar yadda ake ba manoma taki. Samarin ma'aikata da ke riƙe da fayil a waɗannan ofisoshi, wannan aikinku ne, ba sai an jira umurni daga Abuja ba.

Na uku ga ƙungiyarmu ta ɗalibai. Maimakon a kashe kuɗin makon al'adu duka a kan rawa da riguna, a ware kaɗan a sa gasa: a haɗa ɗalibin kimiyya ɗaya da masassaƙi da baduku, a ba su lasifika iri ɗaya, a ga wa zai fito da hedifon da ya fi. Na farko ba zai yi kyau ba, mun sani. Na goma zai fi shi. A kuma gayyato likitocin kunne na asibitin koyarwa su auna jin ɗalibai, musamman ranar 3 ga Maris da duniya ta keɓe don lafiyar ji.

Na huɗu ga kai mai karatu. Ka rage murya, ka riƙa hutar da kunnenka, ka sayi abin da ake gyarawa. In matashin hedifon ɗinka ya ɓare, kafin ka jefar da shi ka kai wa baduku ya lulluɓe maka da fatar akuya. In an yi hutu ka koma gida, ka je ka zauna wurin tsohon nan mai gizago, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, wane ice ne ya fi amo?" Ka tafi da littafi da biro, domin amsar za ta yi tsawo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Maɗacin da aka dasa bana sai bayan shekaru masu yawa zai isa sassaƙa, shi ya sa daminar bana ce ya kamata a dasa shi. Allah ya kiyaye mana jinmu da ganinmu, ya sa mu amfani ƙasar da ta ɗauki nauyin karatunmu. Wassalam.

Edita